Rairayin Fagen Baffa

Ni na je na roƙi Baffa aron fagen kokawa, da bakina, ba wanda ya sa min wuƙa a wuya. Har yau idan na tuna yadda na gyara murya ina yi masa bayani kamar ina gaban aji, sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma shi ke kula da fagen garinmu tun kafin a haife ni. Wanda bai san wurin ba zai ce ai fage fili ne kawai, a share, a buga ganga, ƙarti su kama juna. Namu ba haka yake ba. Ƙasar gabashin gari, inda fagen yake a tsakanin tsamiyoyi, tauri gare ta kamar daɓe, in aka kayar da mutum a kanta sai dai a kira mai ɗori. Shi ya sa tun kakanni ake ɗebo rairayi daga rafin da ke kudu da mu, tafiya mai nisa da jaki. Kowace shekara in an gama yankan dawa, duk gidan da ke da jaki zai kawo mangala uku. A jibge, tsofaffin mata su zo da rariyarsu su rairaye shi tas, su fitar da tsakuwa da ƙaya da fasasshen kasko. Sannan Baffa ya shiga ba takalmi, ya taka ko'ina a hankali, in tafin ƙafarsa ya ji wani abu ya duƙa ya cire. Shekara kan shekara ana ƙarawa, har ya zama in ka shiga tsakiya ƙafarka na nutsewa zuwa idon sawu. Doka ɗaya ce a wurin, ba a shiga da takalmi, ko kai waye.

Shekarar da abin ya faru aka gina sababbin ajujuwa a filin makarantar firamaren da nake koyarwa, filin da samari ke buga ƙwallo ya tafi ke nan. A daidai lokacin kuma kocin ƙungiyar garinmu, wani mai gyaran waya a bakin kasuwa da muka yi firamare tare, ya riga ya shirya da wata ƙungiya daga wani gari a Nijar za su zo su kara da mu. Intanashinal maci, haka yake faɗa, yana ja wa kalmar wutsiya. Har an buga takarda an manna a masallaci da wurin mai shayi. Baƙi za su tsallako iyaka, ga shi ba filin da za a sa su. Fili ɗaya ya rage mai faɗi a garin da ba gonar wani ba, shi ne dandalin da ya kewaye fage, inda 'yan kallo ke zama.

Kocin ya san shi bai isa ya tunkari Baffa ba, sai ya biyo ta kaina. Ya ce ni ne malami, ni ne ɗan gida, ni na san duniya. Kaina kuwa ya kumbura, don ina da labarin da na daɗe ina neman inda zan sauke shi.

Lokacin da nake karatun koyarwa a Bici na taɓa kallon wani wasa a gidan kallo, ƙasar Ayilan da wata ƙasa. Mai sharhi ya yi ta bayani cewa filin da ake wasan ba na ƙwallon ƙafa ba ne, an gina shi ne don wasanninsu na gargajiya, har da wani da suke yi da sanduna. Shekaru da yawa sun hana a buga ƙwallon ƙafa a ciki, don suna ganinta baƙuwa ce. Da aka rushe filin ƙwallon ƙasar za a sake gina shi, sai suka ba da aro, aka yi wasannin, aka gama ginin, kowa ya koma gidansa. Wannan labarin na ɗauka na kai wa Baffa.

Na same shi a zaure yana tufka igiyar rama. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, na ƙara gishiri inda ya kamata da inda bai kamata ba. Na ce manyan ƙasashe ma haka suke yi, ba abin da ya ragu a gargajiyarsu. Bai ɗaga kai ba sai da na kai aya.

“Su wasan nasu na gado, a kan me suke yin sa?”

Na ce a kan ciyawa.

“Ƙwallon fa?”

Na ce ita ma a kan ciyawa.

Ya ci gaba da tufkarsa. Duk wanda ke da hankali a nan zai tashi ya ce a yi haƙuri, ya kama hanya. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya gano da tambaya biyu abin da ni mai takardar koyarwa ban gano ba cikin shekaru. Amma ni sai na ɗauki shirunsa a kan ya rasa amsa, na ƙara matsawa. Na ce baƙi ne, daga wata ƙasa, kunyar ta gari ce gaba ɗaya. Da na ambaci baƙi na san na kama shi, don Baffa bai iya hana baƙo abu ba. Ya tambaya ko wasa ɗaya ne, na ce ɗaya tak. Ya ce za a mayar masa da wurin yadda yake kafin kaka? Na ce, “Za a mayar, Baffa, ni na tsaya.” Bai kira shaida ba, bai kafa sharaɗi ba. A wajenmu babba ba ya kiran shaida a kan ɗan ɗan'uwansa, yin haka kamar ya ce da shi maƙaryaci ne. Da wannan kunyar tasa muka cuce shi.

Kwana uku bayan nan ina cikin aji na ji ƙarar shebur. Da aka tashi na je na tarar da samari sun fi ashirin, da baro da shebur, suna kwashe rairayin, kowa da takalminsa a ƙafa. Da aka auna fili, fagen ya faɗo a tsakiya cak, inda ake ɗora ƙwallo a fara wasa, ƙwallo kuwa in ta faɗa rairayi sai ta kwanta. Na yi faɗa, na ce ba haka muka yi ba. Kocin ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce in kwantar da hankalina, gefe kawai za a tara shi, bayan maci a mayar. Suka tara shi a bakin hanya bayan tsamiya, tsibi guda ya fi tsayin mutum. Washegari wani mai neman kujera ya aiko da tifa biyu ta burji gudummawa, aka baza a ramin da ya rage, aka yayyafa ruwa, aka daddaɓe. Wannan ma na yi faɗa, wannan ma aka ce na ɗan lokaci ne, na kuma yarda, don yarda ta fi min sauƙi a kan in koma zauren Baffa.

Abin da ba wanda ya yi tunani, ko kuma kowa ya yi ya yi shiru, shi ne abin da ke faruwa da tsibin rairayi a bakin hanya a gari irin namu. Muddin yana shimfiɗe a fage, na Baffa ne, ko akuya ka kora ta ciki sai ka waiwaya. Da ya zama tsibi a gefen hanya sai ya koma na kowa. Kuma wane irin rairayi! Fari, mai laushi, wanda aka yi shekara da shekaru ana rairayewa, ba irin sa ko ka je birni. Masu soya gyaɗa suka fara, da ɗan ƙoƙo. Sai ladan ya sa aka ɗebi baro biyu aka zuba a harabar masallaci, wa zai yi magana a kan masallaci? Mai gina shago ya ɗiba don shafe, mai yaron goyo ya ɗiba ya zuba a tsakar gida, mai buga bulo ya zo da amalanke. Ba wanda ya ɗauki kansa ɓarawo. Kowa cewa yake ɗan kaɗan ne, ga tsibi nan har yanzu.

Ni ma na ɗiba. Dakalin ƙofar gidana ya tsage, magini ya ce in yana da rairayin can zai yi min shafen da ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Na bari sai da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa, na je na cika bokiti biyu na ɗora a babur. Na ce wa kaina ranar mayarwa zan kawo huɗu.

Ranar wasa gari ya cika. An ja layi da toka, an kafa rumfa da lasifika, an yi hayar kujeru. Aka ajiye wa Baffa kujera a gaba kusa da mai unguwa, bai zauna ba, ya tsaya can gindin tsamiya da hannu a baya. Baƙin suka ci mu biyu ba ko ɗaya, kuma ko a lokacin ban ji zafin cin ba, abin da nake kallo shi ne takalma masu ƙusoshi suna tono inda aka hana mu taka ko da silifas.

Bayan an tashi, wani dattijo da ya jagoranci baƙin, mutum mai kaurin wuya, ya ce a nuna masa mai fage. Ashe yana saurayi ya yi ci-rani a yankinmu, ya yi kokawa a wurin nan har kaka biyu, shi ya sa ma da aka ce garinmu za a zo ya ce sai ya biyo yaran. Ya nufi tsakiyar fili, da ya zo daidai inda ya tuna bakin fage yake sai ya tsaya ya tuɓe takalmansa, ya taka burjin nan mai zafi da tafin ƙafa. Ya duba gabas ya duba yamma. Aka kawo masa Baffa, suka gane juna, suka daɗe riƙe da hannun juna. Sai ya tambaya ina rairayin ya tafi.

“An ara wa baƙi wurin,” in ji Baffa.

Dattijon ya ɗan jima kafin ya gane su ne baƙin. Ya rantse da Allah da an tambaye su, ko a gonar da aka girbe sai su buga, su da suka saba bugawa a kan yashi tun suna yara. Ya ce a wajensu kokawa ba abin wasa ba ce, in ya koma gida ya faɗi cewa an kwashe fage saboda su, sai an zage shi. Ina tsaye ina ji. Wato ko baƙin da na yi wa Baffa barazana da kunyarsu ba su buƙaci abin da muka yi ba. Mu muka ƙirƙiro wa kanmu, don a ce garinmu ya waye.

Wasa ɗayan nan kuwa ya haifi 'ya'ya. Aka ce tunda fili ya yi kyau bari a yi na ramuwa da wani ƙauye. Daga nan aka sa kofi tsakanin ƙauyuka takwas. Aka cire turakun raga na itace aka kafa na ƙarfe da siminti. Duk lokacin da na je wa koci da maganar mayarwa sai ya ce bayan fainal. Ana haka damina ta sauka, ruwan farko ya kwashi abin da ya rage na tsibin ya bi da shi lungu-lungu har kududdufi. Burjin kuwa ya sha ruwa ya sha rana ya zama kamar kwalta.

Duk tsawon daminar nan Baffa bai taɓa ce min ina alkawari ba. Ina zuwa gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara, ya tambayi makaranta. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Da dawa ta fara nuna na shiga gari gida-gida ina neman a yi gayya a ɗebo sabon rairayi. A nan na ga abin da ban lura da shi ba duk shekarun nan. Jakunan da ke kawo mangala uku-uku an sayar da yawancinsu an sayi babura, ɗan abin da ake ƙarawa kowace shekara daga gidaje kaɗan yake fitowa, kuma ya isa ne don akwai na da a ƙasa. A cika fage daga farko aiki ne na gari guda. Magidanta suka ce hankalinsu na gonakin noman rani na Watari, lokacin rainon tumatir ya zo. Samari suka ce su da suka sha wahalar kwashewa ba za su sha ta mayarwa ba. Na hau babur na je rafin da kaina, na tarar masu tifa sun riga sun yashe shi, sai ramuka da laka, mai laushin sai ka yi nisa sosai. Mutanen da suka soya gyaɗa da shi, suka yi salla a kansa, suka shafe ɗakunansu da shi, kowa na same shi sai ya yi min jaje kamar wani gari abin ya faru. Allah ya kyauta, Malam. Na ji Allah ya kyauta ya fi sau hamsin, ban samu mangala ɗaya ba.

Na kai ƙara wurin mai unguwa, ya tara mutane a ƙofar gidansa bayan la'asar. Baffa ya zo ya zauna a gefen tabarma. Kocin ya fara magana, ya ce zamani ya canja, ƙwallo ce ke tara matasa ta hana su shaye-shaye, fili ya riga ya shiga jerin filayen kofi, kokawa kuwa sati biyu ce a shekara, ana iya yin ta a kowace gona. Da na ji kowace gona sai idona ya rufe. Na miƙe na faɗi abin da ke cikina. Na ce aro aka yi, aka ci amana. Na ce garin nan ba mai kunya, an taru an cinye gumin kakanni da ƙoƙo da bokiti. Na nuna mutane da yatsa, har ladan ban bari ba. Ina cikin kumfar baki kocin ya ɗaga hannu a hankali, kamar ɗalibi mai ladabi.

“Malam, a yi haƙuri, tambaya ce. Dakalin ƙofar gidanka, da wane rairayi aka shafe shi?”

Wani ya tuntsire da dariya a baya, sai wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Ashe tsakar ranar da nake ganin ba kowa, rabin gari na kallona daga inuwa. Hannuna na sama har lokacin yana nuna ladan. Mai unguwa ya tsawatar, ya yi 'yan kalamai na a haɗa kai, ya ce fili ya zauna yadda yake, za a duba wa kokawa wani wuri in Allah ya yarda. Kowa ya san abin da za a duba yake nufi. Aka shafa fatiha aka watse.

Ko da ake dariya a taron Baffa bai ɗago ba. Na bi bayansa a hanyar gida. Sai da muka kai ƙofar zaurensa ya tsaya, bai juyo ba.

“Nawa ka ɗiba?”

“Bokiti biyu, Baffa.”

“To kai dai ka dawo da naka.”

Washegari Asabar ce, ba makaranta. Na ɗaura buhuna biyu a babur na bi rafin can sama, na wuce ƙauyuka uku kafin na sami wurin da tifa ba ta kai ba. Na dawo da shi gida na karɓi rariyar matata na zauna a tsakar gida ina rairayewa da hannuna, tana kallona. Sau biyu na rairaye shi. Ya ba ni bokiti huɗu cif. A raina ina ta lissafi, in Baffa ya ga wannan zai ce a kai gindin tsamiya a fara da shi, in mutane suka ga an fara wataƙila kunya ta kama wasu, wataƙila kafin ganga ta yi kira a sami ko ɗan da'irar da mutum biyu za su kama. Ina jin haushin koci, ina jin haushin mai unguwa da ladan da masu gyaɗa, amma a ranar ina da sauran fata.

Na same shi a tsakar gidansa yana ba tumaki harawa. Na sauke bokitan a gabansa na durƙusa, na ce ga shi, biyu na ɗiba na kawo huɗu, ya faɗi inda za a fara zubawa a fage.

Ya duƙa ya ɗebi kaɗan ya murza a yatsunsa, ya ce ya rairayu. Sai ya nuna min wani lungu kusa da randa, inda ruwa ke taruwa ƙasa ta yi baƙi.

“Zuba a can inda nake alwala, wurin yana caɓi.”

Na ɗauki bokitan ɗaya bayan ɗaya na juye a wurin, na baza da ƙafata. Ya yi min godiya, irin godiyar da ake yi wa baƙo, ya koma wurin tumakinsa. Kakar nan ba a buga gangar kokawa a garinmu ba, kuma ba a sake bugawa ba.